Gyara daga gida: ƙungiyar Yahudawa ta JFREJ da 'yan aikin gida a New York

A ranar 31 ga Agustan 2010 gwamnan jihar New York na lokacin, David Paterson, ya sa hannu a kan dokar haƙƙin 'yan aikin gida, irinta ta farko a duk jihohin Amurka. Waɗanda suka sha wahalar wannan doka su ne matan da ke reno da shara da girki da jinyar tsofaffi a gidajen mutane, akasarinsu baƙi daga tsibiran Karibiyan da Latin Amurka da Afirka da Asiya. Ƙungiyarsu, Domestic Workers United, wadda ake taƙaitawa DWU, ta yi shekara 6 tana cika motoci da mata zuwa Albany, inda majalisar dokokin jihar take. A cikin masu wannan zirga-zirga akwai wasu da ba a saba gani a irin wannan tafiya ba: masu gidajen da ke ɗaukar 'yan aiki, sun biyo sahu suna roƙon a yi dokar da su za ta ɗaure. Da damansu wata ƙungiyar Yahudawa ce ta birnin ta tattaro su, sunanta Jews for Racial and Economic Justice, JFREJ a taƙaice, wato Yahudawa masu neman adalci ba tare da bambancin launin fata ko arziki ba.

Abin da ya ja hankalina ga lamarin shi ne halin da wannan ƙungiya ta tsinci kanta. Ta saba tsayawa a kan titi tana nuna wa hukuma da manyan kamfanoni yatsa. Wannan karon kuwa, wanda ake ƙorafi a kansa yana zaune a cikin taronta, yana biyan kuɗin memba, shi ne ma wani lokaci ke riƙe da allon zanga-zanga. Yadda ta bi da wannan, da ƙa'idojin ɗabi'a da ta ɗora wa mutanenta, shi ne abin dubawa.

Asalin ƙungiyar

An kafa JFREJ a New York a 1990, kuma daga cikin waɗanda suka kafa ta akwai Donna Nevel da Marilyn Kleinberg Neimark. Taronta na farko a bainar jama'a na maraba da Nelson Mandela ne, lokacin da ya ziyarci birnin a watan Yunin wannan shekara, watanni kaɗan bayan fitowarsa daga kurkuku. Wasu manyan ƙungiyoyin Yahudawa sun ja baya a lokacin saboda kusancin Mandela da Yasir Arafat. Tun daga nan aka san inda sabuwar ƙungiyar ta dosa. Aikinta a cikin birnin yake: cin zalin 'yan sanda, haƙƙin baƙi, gidajen haya, ma'aikata masu ƙaramin albashi. Ta kuma tsara kanta a matsayin mai mara wa ƙungiyoyin da matsalar ta fi shafa baya.

Yahudawan New York suna da tarihin da suke alfahari da shi a fagen ƙwadago, kuma sun cancanci yin alfaharin. Kakanninsu mata ne suka cika masana'antun ɗinki a farkon ƙarni na 20. Gobarar masana'antar Triangle ta ranar 25 ga Maris 1911 ta kashe mutum 146, mafi yawansu 'yan mata baƙi, Yahudawa da 'yan Italiya, waɗanda da dama suka rasa hanyar fita saboda an kulle ƙofa. Duk shekara ana tunawa da su. Amma akwai wani tarihin da ba a cika ɗaga murya a kansa ba. A 1935 wasu mata biyu baƙar fata, Ella Baker da Marvel Cooke, suka wallafa rahoto a mujallar The Crisis kan yadda mata baƙar fata ke tsayawa a bakin titunan Bronx, wani yanki na birnin New York, tun da sassafe, suna jiran matan gida su zo su zaɓi wadda za ta yi musu wanki da goge-goge a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Sun kira wurin kasuwar bayi. Unguwannin kuwa Yahudawa ne suka fi yawa a cikinsu a lokacin, saboda haka da dama cikin masu zuwa ɗaukar Yahudawa ne. Al'umma ɗaya, ke nan, ta ɗanɗani zama ma'aikaciya, ta kuma ɗanɗani zama uwar ɗaki. Duk ƙungiyar da za ta shiga maganar 'yan aikin gida da sunan Yahudawa dole ta ɗauki tarihin biyu tare.

Me ya sa 'yan aikin gida suka rasa kariya

Lokacin da Amurka ta yi manyan dokokinta na ƙwadago, an bar su a waje. Dokar 1935 da ta ba ma'aikata ikon haɗa kai su yi ciniki da masu ɗaukarsu aiki ta cire 'yan aikin gida da 'yan aikin gona ƙarara. Dokar 1938 ta mafi ƙarancin albashi ma ba ta shafe su ba. Masana tarihi da yawa sun danganta wannan da matsin lambar 'yan majalisar jihohin kudu, inda baƙar fata ne suka fi yawa a waɗannan ayyuka biyu. Sai a 1974 aka shigar da 'yan aikin gida cikin dokar albashi, nan ma aka bar giɓi: wadda ke kwana a gidan da take aiki ba ta da kuɗin ƙarin lokaci a dokar tarayya.

Ga kuma yanayin aikin kansa. Ma'aikaciyar masana'anta tana da abokan aiki da za ta yi wa ƙorafi a lokacin cin abinci. Mai reno ita kaɗai ce a bayan ƙofa, ita da yaro da wanda ke biyanta. An kafa DWU a 2000, Ai-jen Poo na cikin waɗanda suka kafa ta, kuma a wuraren wasan yara da tashoshin jirgin ƙasa suke samun matan, domin babu wani wuri guda da suke taruwa. A 2003 suka samu majalisar birnin New York ta tilasta wa kamfanonin da ke samar da 'yan aiki su riƙa sanar da ma'aikaciya da mai ɗaukarta haƙƙoƙin da doka ta tanada. A wannan shekarar ce kuma ɗaruruwan 'yan aiki suka hallara a babban taro, suka faɗi abin da suke so a sa a dokar jiha.

Abin da JFREJ ta nema daga mutanenta

Ƙungiyar ta kira nata ɓangaren gwagwarmayar Shalom Bayit, wato zaman lafiyar gida, ta kuma haɗa masu ɗaukar 'yan aiki a wani rukuni mai suna Employers for Justice. Ta shiga majami'un Yahudawa, irin su B'nai Jeshurun a Manhattan da Kolot Chayeinu a Brooklyn, ta kuma riƙa tara mutane a falon gidaje.

Abu na farko da aka nema daga mutum shi ne ya yarda cewa shi mai ɗaukar ma'aikaci ne. Wannan yana da sauƙin faɗa, amma a nan mutane suka fi cijewa. Macen da ta girma tana zanga-zangar 'yancin mata, ta yi karatu, ta kama aiki a ofis, ba ta son ta ji an kira ta uwar ɗaki. Abin da za ta ce shi ne tana da wadda ke taimaka mata, ko kuma kalmar da 'yan aiki a ko'ina suka gaji da ji: ai ta zama 'yar gida. Mu ma nan mun san wannan magana, “ai 'yarmu ce”, kuma mun san sau nawa ake faɗarta a kan yarinyar da ba ta taɓa riƙe albashinta a hannu ba. Sau da yawa ƙaunar gaskiya ce, ba na musun haka. Macen da ta yi shekara 8 tana goyon 'ya'yanka ba baƙuwa ba ce. Illar ita ce 'yar gida ba ta da lokacin tashi, ba ta neman ƙarin albashi, kuma ranar da yaro ya shiga makaranta ana iya sallamarta da godiya da hawaye, ba ko sisi.

Mu ƙaddara mai reno ce aka yi da ita za ta tashi ƙarfe 6 na yamma. Ƙarfe 6 saura kwata saƙo ya shigo wayarta: taro ya ja, ga cunkoso, a yi haƙuri, minti 20 kawai. Uwar gidan ta iso 7 saura, ta shigo da fara'a da ban haƙuri, ta karɓi yaro. Mai renon ta ce ba komai, domin me za ta ce? Ta rasa jirgin da ta saba hawa, maƙwabciyar da ke riƙe mata nata 'ya'yan ta fara ɓata rai. Ranar Juma'a aka miƙa mata ambulan da kuɗin da aka saba, babu ƙari. Babu wanda ya yi niyyar zalunci a nan. Amma a lissafa: idan ana biyanta dala 12 a awa, ta yi awa 50 a mako, aka biya ta dala 600, to an rage mata, domin awa 10 da suka haura 40 kamata ya yi a biya su dala 18 kowace, jimla dala 660. Dala 60 a mako, a shekara ya haura dala 3,000. Ga wadda ba ta kwana a gidan, wannan haƙƙi yana rubuce a dokar tarayya tun kafin a fara gwagwarmayar Albany. Galibin gidaje ne ba su ɗauki kansu a wurin aiki ba, balle su duba.

Saboda haka abin da aka roƙi membobi ya sauko ƙasa ƙwarai, har ya zama kamar ba siyasa ba. A zauna da ma'aikaciya a rubuta yarjejeniya: lokacin zuwa, lokacin tashi, ayyukan da ke kanta da waɗanda ba nata ba. A biya ƙarin lokaci. Idan iyali sun yi tafiya hutu, a biya ta makon, tunda ba ita ta ce a tafi ba. Idan ta kwanta ciwo kada a yanke mata. Idan za a rabu, a sanar da ita da wuri. Ba a ce kowa ya yi duka a rana ɗaya ba. An nemi kowane gida ya ɗaga ƙafa ya hau mataki guda daga inda yake, sannan a sake zama.

Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ƙungiyar gwagwarmaya ta fi kowa fuskantar wannan haɗari, domin sana'arta ke nan hango laifin wasu. A ganina darajar abin da JFREJ ta yi tana nan: ta mai da ɗabi'ar memba a cikin kicin ɗinsa wani ɓangare na aikin ƙungiya, abin da ake tattaunawa a taro, maimakon a bar shi a matsayin sirrin gida.

Sun kuma samu abin dogaro a addininsu, har ga membobin da ba su cika zuwa majami'a ba. Attaura ta hana ladan ɗan ƙwadago ya kwana a hannun wanda ya sa shi aiki. A wani wurin ta ce a biya shi kafin rana ta faɗi, domin talaka ne kuma ransa na kan kuɗin, ta kuma haɗa ɗan ƙasa da baƙo a wannan hukunci. Umarnin hutun Asabar ma ya ambaci bara da baranya, cewa su huta kamar yadda maigida ke hutawa, tare da tunatarwa cewa ku ma kun yi bauta a Masar. Musulmi zai tuna hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Akwai kuma wani hukunci a Mishna, tsohon kundin shari'ar Yahudawa, da na ga ya fi dacewa da lamarin: wanda ya ɗauki 'yan ƙwadago ba shi da ikon tilasta musu sammako ko daɗewa idan al'adar garin ba haka take ba, komai bisa al'adar wurin ake yi. To aikin gida a New York ba shi da wata al'ada tsayayya. Kowane gida da nasa tsari, kuma mai kuɗin ne ke yanka shi. Ni a fahimtata, abin da waɗannan tarurrukan falo suka yi ƙoƙarin yi shi ne samar da al'adar da babu, yadda mace za ta ji nauyin gaya wa ƙawarta cewa ba ta biyan hutun ciwo.

Wa ke gaba, wa ke baya

Ƙa'ida ta biyu ta shafi zama da DWU da sauran ƙungiyoyin 'yan aiki, irin su Damayan ta 'yan Filifin da Adhikaar ta 'yan Nepal. Ƙudirin nasu ne, daga taronsu ya fito, su ke jagorantar gwagwarmayar. Aikin JFREJ shi ne ta kawo abin da su ba su da shi: masu gida da malaman Yahudawa da za su tsaya gaban ɗan majalisa su ce mu ne za mu biya, kuma muna so a yi dokar.

Wannan tsari ya fi yadda ake zato wahalar riƙewa. Ɗan majalisa ya san wa ke kaɗa ƙuri'a a mazaɓarsa. Idan lauya mai gida a Brooklyn da mai reno baƙuwa suka shiga ofishinsa tare, idonsa kan lauyan zai fara sauka, ko bai yi niyya ba. Mai gidan kuma ta saba magana a irin waɗannan ofisoshi. Kafin a ankara sai ta zama ita ce bakin tawaga, mai renon ta koma abin nuni. Abin da ake nema daga mai goyon baya a nan shi ne ya yi amfani da wannan gata a inda take buɗe ƙofa, sannan ya ja baya idan an shiga. Babbar hujjar masu adawa ita ce dokar za ta yi wa iyalai nauyi, kuma babu wanda ya fi dacewa ya karya wannan hujja irin iyalan kansu. A nan muryar masu gida ta yi amfani. Har yara aka fito da su tattaki, 'ya'yan masu reno da 'ya'yan da suke reno tare. Amma maganar me za a karɓa, me za a haƙura da shi idan an zo ciniki da majalisa, wannan ta waɗanda rayuwarsu ke kan layi ce.

Inda nake da ja

Hanyar da aka bi da masu gida ta lallashi ce. Ba a kira sunan kowa don a kunyata shi ba, ba a sa sharaɗin cewa sai ka gyara gidanka kafin ka shigo ba. Na fahimci dalili. Mutumin da aka kunyata ba ya dawowa taro na biyu, kuma ba kowane mai ɗaukar 'yar aiki ne mai hali ba. Akwai tsohuwar da ke biyan mai jinyarta daga kuɗin fansho, akwai mai naƙasa da ba zai iya tashi daga gado ba sai an taimaka masa, akwai uwar da rabin albashinta ke tafiya wurin reno. Tsawa ba za ta ƙara musu kuɗi ba.

Duk da haka, hawa mataki guda a lokacin da ka ga dama gata ce ta mai biya. Wadda ake bin ta dala 60 a mako ba ta da wannan sararin, kuɗin hayarta ba ya jiran uwar ɗakinta ta gama tattaunawa da zuciyarta. Wasu daga cikin abubuwan da ake lallashin mutane su yi ma ba kyauta ba ce, haƙƙi ne da doka ta riga ta wajabta. Kuma waɗanda ke zuwa irin wannan taro su ne masu sauƙin hali tun asali. Gidan da ake ƙwace wa 'yar aiki fasfo, ko ake kwantar da ita a ɗakin ajiya, ba ya aiko wakili majami'a a yi nazarin ɗabi'a. Abin da ya wanke JFREJ a wurina shi ne ba ta tsaya kan alkawarin ganin dama ba. Ta haɗa shi da neman doka, wadda za ta hau kan mai kirki da marar kirki baki ɗaya. Da a ce gyaran hali kaɗai ta sa a gaba, da abin ya ƙare a taron mutanen kirki masu yaba wa juna.

Abin da aka samu

Keith Wright ne ya ɗauki nauyin ƙudirin a majalisar wakilan jihar, Diane Savino kuma a majalisar dattawa. Dokar ta fara aiki a ƙarshen Nuwamban 2010. Ta tabbatar da kuɗin ƙarin lokaci, ninki ɗaya da rabi na albashin da aka saba, bayan awa 40 a mako, ko awa 44 ga mai kwana a gidan. Ta ba da hutun kwana 1 a kowane mako, da kwana 3 na hutu mai albashi bayan shekara guda a gida ɗaya, da kariya daga cin zarafi ta fuskar jinsi ko launin fata ko addini ko asali. Abubuwa da dama da matan suka nema tun farko sun zube a hanya, ciki har da sanarwa kafin sallama da kuɗin sallama. Kwana 3 a shekara kaɗan ne ƙwarai ga mai ɗaukar yaro da hawa bene da kaya kullum.

Wannan ya sa ƙa'idojin da masu gida suka ɗora wa kansu ba su zama tsohon zance ba bayan sa hannun gwamna, domin sun zarce dokar a wurare da yawa. A 2010 aka kafa Hand in Hand, ƙungiyar masu ɗaukar 'yan aiki ta ƙasa baki ɗaya, wadda ta tsiro daga wannan aiki na New York, kuma ba ta Yahudawa kaɗai ba ce. Takenta shi ne gidana wurin aikin wani ne. A ɓangaren ma'aikatan, tun 2007 suka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta ƙasa, National Domestic Workers Alliance. Hawaii da California sun yi nasu dokokin a 2013, Massachusetts a 2014. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ma ta amince da yarjejeniya mai lamba 189 kan aikin gida a watan Yunin 2011.

Aiwatarwa ita ce ta rage da wuya. Jami'in ma'aikatar ƙwadago ba ya bin gidaje yana duba takardun albashi kamar yadda zai shiga masana'anta. Sai ma'aikaciyar ta kai ƙara da kanta, a kan mutumin da gobe da safe za ta buɗe ƙofarsa ita kaɗai, kuma wanda take buƙatar takardar shaidarsa kafin ta samu wani aikin. Idan takardunta na zama a ƙasar ba su cika ba, tsoron ya ninka, ko da yake dokar albashi ta shafe ta. Dokar 2010 ta umarci ma'aikatar ƙwadagon jihar ta yi nazari kan ko 'yan aikin gida za su iya haɗuwa su yi ciniki a ƙungiyance, amma ba ta ba su ikon ba, kuma dokar tarayya ta 1935 da ta cire su har yanzu ba a gyara wannan sashe nata ba.